HADDA DABAN, HAƊIYA DABAN: RADDI GA MASU RAINA TILAWA WAJEN KOYAR DA TARIHI

Akwai wata kalma da 'yan bokonmu suka mayar abin zagi a ƙasar nan, ita ce hadda. Duk inda malamai suka taru don ƙara wa juna sani, ko a Dutsin-Ma ne ko a Katsina, ba za a tashi ba sai wani ya miƙe, ya gyara zaman tabarau, ya ce wai hadda ce ta kashe ilimi a Arewa, wai tana mayar da yaro aku, wai zamani ya wuce ta. Sai a tafa masa, a sha lemo, a watse. To, ni dai ina da ja a kan wannan magana, musamman game da darasin tarihi, kuma musamman game da yaran da yau ba su da wani aji sai zauren gidan ubansu. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya hana waɗannan yara hadda da sunan wayewa ya ƙwace masu fartanya ne bai kuwa ba su garma ba.

Bari mu fara da inda gizo ke saƙar. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka yayyanka shi aka barbaɗa cikin darasin nazarin zamantakewa kamar gishiri a tukunyar biki. Sai a 2018 aka fito da sabuwar manhajarsa, a watan Nuwamba na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi bikin dawo da shi, a 2025 kuma aka sanar da cewa ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Madalla. Amma yaran da suka shiga aji ɗaya a shekarar da aka cire shi, yau wasunsu sun yi aure, wasu ma su ne ke riƙe da alli. Sa'an nan abin da aka dawo da shi tarihin Nijeriya ne. Labarin sauran duniya, wato yadda aka yi Misira da Rum da Bagadaza suka tashi suka faɗi, wannan yana nan kamar maraya a gidan biki.

Ƙari a kan haka, mu nan tsakiyar Jihar Katsina muna da namu ciwon na daban. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. A watan Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye da yawa suka shiga taitayinsu game da makarantun kwana. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a ƙasashen Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma, iyalai suka kwararo cikin gari suka raɓe a gidajen dangi, yara suka yi zango bayan zango ba su ga allon aji ba. Ga kuma 'yan mata da ake cirewa da zarar sun fara tasawa. A Amurka da Ingila akwai iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida don ra'ayin kansu, da littattafai da kwamfuta. Mu namu zaman gidan dole ce ta kawo shi, dole kuwa ita ce uwar na ƙi. Tambaya ita ce, uban da ba shi da laburare, uwar da ba ta da taswira, da me za su koya wa yaro tarihin duniya? Amsata ita ce, da abin da kakanninmu suka koyar da shi: baki da kunne da ƙwaƙwalwa.

Masu sukar hadda suna da madogara biyu da suka ɗauko daga kwalejojin horon malamai, kuma duk wanda ya yi difloma a fannin ilimi ya san su. Ta farko ita ce matakalar Benjamin Bloom ta 1956, wadda ta jera matakan sani, ta sa tuna abu a can ƙasa, fahimta da nazari da auna hujja a sama. Ta biyu ita ce sukar da Paulo Freire, mutumin Barazil, ya yi wa irin koyarwar da ke ɗaukar kan yaro kamar asusu, malami na jefa kwabo. Ban ƙi ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai dai ina so a tambayi kowane magini a Kurfi, me ake kira abin da ke can ƙasan gini? Harsashi. Shin don harsashi yana ƙasa sai a ce ba shi da daraja, a fara gini daga rufi? Yaron da bai san Shehu Usmanu ya riga Lugga zuwa duniya ba, wane nazari zai yi a kan jihadi da mulkin mallaka? Da me zai auna hujja, alhali babu ko tsaba ɗaya a mudun?

Abin da waɗannan bayin Allah ke gani a ajujuwanmu har suke tsine wa hadda, sunansa haɗiya. Malami ya juya wa yara baya, ya cika allo da Turancin da shi kansa da ƙyar yake hawa, yara su kwafa, daren jarrabawa su danna shi a ka kamar mai haɗiyar ƙwaya, da safe su amayar a takarda, kafin la'asar babu ko ɓurɓushi. Wannan kam cuta ce, kuma makarantar boko ce ta haife ta, kada a ɗora wa makarantar allo jakar tsaba. Hadda ta gaskiya tana da sharuɗɗa uku da kowane gardi ya sani: a ɗauki kaɗan-kaɗan, a jera shi bisa tsari mai amo, a riƙa komawa kansa har abada. Alaramma ba ya barin yaro ya wanke allo sai ya kawo karatun da ka, kuma ba ya barin tsohon karatu ya kwanta, kullum ana tilawa. A 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya wallafa bincikensa da ya nuna cewa mutum ya fi saurin mantuwa jim kaɗan bayan ya koyi abu, kuma maimaitawa bayan tazara ita ce maganinta. Yau ana karantar da wannan a jami'o'i da sunan kimiyya. Tsangayunmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da shi a gindin wutar kara.

Kada kuma a manta, karatunmu na gargajiya bai tsaya a allo ba. Bayan sauka akwai makarantar zaure, inda malam ke karanta jimla ya fassara, ɗalibi na amsawa, ana tambaya ana warwarewa. Alfiyyar Ibn Malik baiti wajen dubu ce ta nahawu, ana haddace ta sa'an nan a bi ta da sharhi. Wato hadda ce ke kawo kaya kasuwa, fahimta ta yi ciniki. Shi kansa Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki ɗaliban da ke tara karatu a ka ba su iya muhawara da shi ba, amma bai ce a daina tarawa ba.

Wanda ke shakkar cewa an taɓa koyar da tarihi a cikin gida ta wannan hanya, ya dubi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta ga matan karkara ba su da halin zuwa gaban malamai, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, tsofaffin mata masu hankali, su zo su ɗauki karatu a waƙe su koma ƙauyuka su rera wa 'yan'uwansu. Cikin abin da ta tsara har da tarihin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙen jama'arsa zango-zango, wanda aka sani a Hausa da Waƙar Gewaye. A Kano akwai Waƙar Bagauda, mai jero sarakuna da tsawon mulkin kowanne. A ƙasar Mali marokan gado sun riƙe labarin Sunjata tun ƙarni na 13 ba tare da takarda ba. Ko a zamaninmu, mutum nawa ne suka san sunayen ƙasashen Afirka daga bakin Abubakar Ladan Zariya a rediyo, tun kafin su taɓa ganin taswira? Wannan duk hadda ce, kuma ba ta mayar da kowa aku ba.

To, bari in sauko daga kan dokin gardama in nuna yadda za a yi, don kada a ce bakin rijiya na tsaya ina wasa.

Hanya ta farko ita ce gaɓoɓin yatsu. Kowane yaro ya ga yadda babba ke tasbihi da babban yatsa a kan sauran huɗu, kowanne gaɓa uku, sha biyu ke nan. Sarakunan Katsina daga jihadi zuwa yau su ma sha biyu ne. Takwas Dallazawa: Ummarun Dallaji, Siddiƙu, Muhammadu Bello, Ahmadu Rufa'i, Ibrahim, Musa, Abubakar, Yero. Huɗu Sulluɓawa: Muhammadu Dikko daga 1906, Usman Nagoggo daga 1944, Muhammadu Kabir Usman daga 1981, Abdulmumini Kabir Usman daga 2008. Yaro ɗan shekara bakwai zai ɗauke wannan a mako guda. Daga ranar kuwa ya sami ma'auni a tafin hannunsa, duk labarin da aka ba shi na shekaru ɗari biyu da suka wuce zai iya tambaya, a zamanin wane sarki ne? Yaƙin Duniya na Farko da kusan duk na Biyu sun faɗa a gaɓa ta tara, zamanin Dikko. Samun 'yancin kai ya faɗa a ta goma.

Hanya ta biyu ita ce tagwaita shekara, wato a ɗaure labarin nesa da labarin gida, kamar yadda ake ɗaure baƙuwar akuya kusa da 'yar gida don kada ta ɓata. Iyayenmu sun saba da wannan, domin ba sa cewa an haifi wane a shekara kaza, sai su ce shekarar canjin kuɗi, ko shekarar da mota ta koma hannun dama, ko lokacin Udoji. Mu faɗaɗa shi kawai. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A wannan shekara bayin da suka yi tawaye a Haiti suka kafa ƙasarsu bayan sun kori Faransawa, a cikinta kuma Napoliyon ya naɗa wa kansa sarautar Faransa. Abu uku a igiya ɗaya, kuma dukkansu magana ce ta mulki da zalunci da wanda ya cancanci a bi. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, a ƙarshen shekarar kuma wasu 'yan'uwa biyu a Amurka suka tashi jirgin sama mai inji na farko. Ɗan Dutsin-Ma ba zai manta wannan ƙofa ba, tunda 'Yanɗakan Katsina shi ne hakimin garinsu, kuma ɗaya daga masu zaɓen sarki. A 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ƙasar Hausa kuma tana cikin yunwar da ake kira Kakalaba. A 1960 Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka 17 da suka sami 'yanci, har da maƙwabciyarmu Nijar.

Hanya ta uku ita ce zagayen gida. Girkawan dā suna da labarin wani mawaƙi, Simonidis, wanda ya fita daga ɗakin liyafa sai rufi ya rufta kan mahalarta, ya gane gawarwakin ta hanyar tuna inda kowa ya zauna. Daga nan masu huɗuba na Girka da Rum suka ɗauki dabarar ajiye abin da suke so su tuna a ɗakunan wani gida da suka sani. Gidan Bahaushe kamar don wannan aka gina shi. A zaure, mashigar gida, a ajiye Hijirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 622, tunda daga nan lissafinmu ya soma. A soron ciki, inda malam ke jibge littattafai, a ajiye 1258, shekarar da Mongol suka rushe Bagadaza da taskokin iliminta. A ɗakin uwargida, wurin adana 'yan kunne da sarƙa, a ajiye 1324, hajjin Mansa Musa na Mali, wanda ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. A bakin rijiya a ajiye 1492, da Kolombos ya ƙetare ruwa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi, a wajajen lokacin kuma Shehu Magili ya zo Kano da Katsina zamanin Muhammadu Rumfa. A madafi, wurin hayaƙi, a ajiye 1591, da bindigogin Maroko suka karya Songai a Tondibi. A turken dabbobi a ajiye taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka zauna tsara watandar Afirka babu ɗan Afirka ko ɗaya a wurin. Yaro ya bi wannan zagaye da ƙafa sau uku, sa'an nan ya rufe ido ya bi shi da zuci. In dare ya yi, a maimakon tatsuniyar Gizo, ko bayanta, a ɗauki ɗaki guda a buɗe labarinsa. Ranar da aka zo kan turke sai a tambaye shi, me ya sa in za mu je Maraɗi wurin dangi sai an tsayar da mu a iyaka bayan Jibiya, alhali Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi? A nan hadda ta gama aikinta, tunani ya karɓa.

Hanya ta huɗu ita ce ramzi, wadda malamanmu ke rufe waƙoƙinsu da ita. A lissafin abjadi na Magariba da muke bi, kowane baƙi yana da adadi. Shinun dubu ne, ra ɗari biyu, ya goma, ha ƙarami takwas. Haɗa su ka sami 1218, shekarar hijirar Shehu a lissafin Musulunci. Kalma guda ta ɗauke shekara guda. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya riga ya san baƙaƙen, adadin kawai za a ƙara masa.

Na san za a ce, ina amfanin wannan wahala tunda kome yana cikin waya? Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace rauni. Waya tana amsa wa wanda ya san abin da zai tambaya ne. Mafi muni, wayar nan ita ce babbar kasuwar tarihin jabu a yau. Kowa ya ji irin saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp da TikTok tun da rikicin daji ya tsananta, inda wani zai zauna ya saƙa labarin Hausa da Fulani yadda ya ga dama, ya haɗa ƙarni da ƙarni, ya ɗora wa matattu maganar da ba su yi ba, don kawai ya hura wutar gaba tsakanin mutanen da suka yi auratayya tun kaka da kakanni. Matashin da kansa fanko ne shi ke haɗiye irin wannan. Wanda ke da sarakuna sha biyu a yatsunsa da shekaru goma a ɗakunan gidansu zai tsaya ya ce, dakata malam, wannan bai zo daidai da wancan ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi rayuwarsa yana nuna cewa tarihin ƙasar Katsina ya fi ƙarfin a taƙaita shi a faɗan ƙabila biyu, amma littafinsa yana Turanci a kan kantar jami'a, masu saƙon murya kuwa suna cikin aljihun kowane yaro.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce, me ya haɗa ɗan Musulmi da labarin Napoliyon? Sai in ce, Alƙur'ani da kansa ya yi umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ɗabari ya fara tarihinsa tun daga farkon halitta, ya bi ta kan Farisa da sauran al'ummai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen maƙwabta kafin ya zo kan jihadi. Katsina kuwa ba ta taɓa zama a bayan duniya ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Bature Barth ya sauka a birnin a 1851. Sarki Dikko ya je Ingila da Makka a 1921. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tana shaida cewa an yi karatu a nan tun kafin a san za a yi boko.

Saura ku, 'yan'uwana marubuta, domin da ku nake tun farko. Kun cika kasuwa da littattafan soyayya, ban ce laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ina mai tsara mana tarihin duniya a baiti ɗari uku, da Hausa mai daɗi da karin da uwa za ta iya rerawa tana tankaɗe? Ina mai jera daulolin Afirka ta Yamma, Gana da Mali da Songai da Borno, a waƙar da 'yan mata za su yi gaɗa da ita? Aliyu Namangi makaho ne, amma Imfirajinsa ta shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Muna da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma, muna da Jami'ar Tarayya tun 2011, cike da masana tarihi da masana Hausa. Masanin tarihi ya tace shekaru da sunaye, sha'iri ya ɗora su a kan kari, a buga ɗan ƙaramin littafi da boko da ajami, a ɗauki murya a raba ta wayar nan da ake ɓata yara da ita. Wannan bai buƙaci kwangila ko kwamiti ba.

Ku kuma iyaye, kada wani mai tabarau ya sa ku ji kunyar abin da kuka gada. In yaro ya dawo daga makarantar allo, minti goma sha biyar bayan sallar isha'i sun isa: suna uku yau, shekara ɗaya gobe, ranar Alhamis da babu allo a yi tilawar na mako, a kuma ba shi dama ya yi tambaya ko da ta fi ƙarfinku, a kai ta gaban wanda ya sani. Da haka ɗan gudun hijirar da ke raɓe a Dutsin-Ma zai koma aji, ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, da guzurin da ɗan gata bai da shi.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda ke ganin akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi ga talakan da ba shi da littafi, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.